Babi na Tara: Daga Makogwaro Zuwa Zuciya

Yaro ya yi ciwon makogwaro da zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki ya warware ya koma makaranta, kowa ya manta. Mako biyu zuwa uku sai gwiwa ta kumbura, gobe ta lafa idon sawu ya ɗauka, jibi ciwon ya koma gwiwar hannu. Nan take a yanke hukunci a gida: sanyi ne. To, ba sanyi ba ne, kuma babu ruwan wankan asuba a ciki. Garkuwar jikin yaron ce ta juyo kansa.

Mai laifin farko wata bakteriya ce, sitireftokokas ta rukunin A, cikin rukunonin da Rebecca Lancefield ta tsara a Amurka a 1933. A bayanta akwai wani furotin da ake kira M, wanda wani sashensa ya yi kama da furotin ɗin tsokar zuciya. Jiki ya haɗa sinadaran kariya don ya kama baƙuwar, ya kama ta kuwa, amma farautar ba ta tsaya ba. Kamar 'yan banga ne aka ba su siffar ɓarawo, suka dawo da ɗan mai gida a ɗaure saboda kamanni. Kama da wane ba ta wane, amma garkuwar jiki siffa kawai take gani. Kaplan da Meyeserian sun nuna wannan a 1962: sinadarin kariyar da aka tayar kan bakteriyar ya manne wa naman zuciya.

Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Ƙofofin zuciya ne ba sa komawa daidai, musamman wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu. Duk lokacin da ciwon ya dawo sai ta ƙara tabo, ta yi kauri, ta tsuke ko ta riƙa yoyo. Shekaru goma ko ashirin daga baya, ga matashiya da cikin fari, ƙafa a kumbure, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasan kai, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida. A 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, galibi inda yara ke kwana a cunkushe.

Wani lokaci ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi abin yake taɓawa. Yarinya ta fara fizge-fizge, cokali na suɓuce mata, fuska na yamutsewa, rubutunta ya lalace, in ta yi barci kuma komai ya tsaya cik. Sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. Thomas Sydenham ya siffanta wannan ciwo a Ingila tun 1686, kuma yawanci yakan wuce cikin watanni. Zuciyarta ce ya kamata a duba. Shi ma cire beli bai da amfani ga ciwon makogwaron. Askar wanzami ba ta kashe bakteriya, sai dai ta ƙara jini da rauni. Fenisilin ke kashe ta, allura ɗaya ko ƙwayoyi na kwana 10, in likita ya tabbatar ita ce, don yawancin ciwon makogwaro na bairos ne. Masu tallar maganin "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" kuwa su yi haƙuri: garkuwar nan ba ƙarfi ta rasa ba.

Akwai wasu misalan. Gudawar bakteriyar kamfilobakta, da ake yawan ɗauka a naman kazar da bai dahu ba, takan jawo shanyewar jiki ta Guillain-Barré, domin rufinta ya yi kama da na jijiyoyi. A 2022 wani bincike kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna bairos ɗin Epstein-Barr na ninka haɗarin cutar da ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka sau 32.

Kamanni kaɗai dai ba ya isa. Kusan kowane baligi yana ɗauke da wannan bairos, kaɗan ne ke kamuwa da cutar. Cikin yara ɗari masu ciwon makogwaron nan da ba a yi wa magani ba, da wuya a wuce uku da garkuwarsu ke juyowa kansu. Gado na da hannu, haka yawan maimaita kamuwa. Yaron da ya taɓa faɗawa kuwa, allurar fenisilin ce a kansa kowane mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, wani har ya yi furfura.