Cin Zali A Makarantu: Doka Ba Ta Tafiya Sai Da Iyaye

Shekara da shekaru ana ɗaukar cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana a makarantun kwana tamkar al'ada. Siniya ya sa yaro wanki da ɗibar ruwa, ya ƙwace masa gari da sukari, in ya yi gardama ya sha bulala, a ce ai horo ne. Yanzu kuwa kiraye-kiraye sun yi yawa cewa a kafa doka ta musamman wadda za ta tilasta wa kowace makaranta hana wannan ɗanyen aiki.

Abin da ya ta da maganar shi ne rasuwar wani yaro mai shekara 12, ɗalibin wata makarantar kuɗi a Lekki ta Ikko, cikin watan Nuwamba 2021. Iyayensa suka ce dukansa aka yi, Gwamnatin Jihar ta rufe makarantar na wani lokaci. A 2024 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa ciwo ne ya yi ajalinsa, amma kafin nan maganar ta riga ta game ƙasa. A wannan shekara ta 2024 kuma aka rufe wata makaranta a Abuja kwana 3 bayan an ga hoton wata yarinya tana shan mari a hannun 'yan'uwanta ɗalibai, sannan aka dakatar da ɗalibai 13 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Inugu.

Dokar Kare Hakkin Yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro, Jihar Ikko ma ta kafa tata a 2007. To, amma masu neman sabuwar doka suna son a fayyace aikin firinsifal: wa za a kai wa ƙara, kwana nawa za a yi bincike, kuma yaushe za a kira iyaye. Ƙasar Filifin ta yi haka tun 2013. Dokarta ta wajabta wa shugaban makaranta ya sanar da iyayen wanda aka zalunta da na wanda ya yi zaluncin.

A nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun. Takardar makaranta da Turanci take zuwa, taron ƙungiyar iyaye da malamai kuwa da Turanci ko Yarbanci ake yinsa, alhali mai gida yana kara ko kasuwa tun asuba. Yaron da ake yi wa ba'a saboda harshensa, ana kiransa "aboki", sau da yawa kunya da tsoron siniyoyi kan hana shi faɗa a gida. Idan doka ta ce a sanar da uba, amma ba a sami mai karanta masa takardar ba, an yi ba a yi ba ke nan.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na zango-zango su nemi a sa tafinta a tarurrukan makarantu, su kuma tura wakilai idan majalisa ta kira jin ra'ayin jama'a. Iyaye kuma su riƙa zuwa ranar ziyara, su dubi jikin yaro, su tambayi dalili in ya fara ƙin komawa bayan hutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.