Ɓare Tsohuwar Takardar Bango a Banɗaki: Abin da Kimiyya Ta Ce

A sababbin gidajen Sakkwato, musamman a unguwanni irin su Arkilla da Mabera, ado da takardar bango ya samu karɓuwa, har wasu kan liƙa ta a banɗaki. Sai dai da damina ta ratsa, daga Yuni zuwa Satumba, akan ga takardar ta kumbura, gefenta ya ɗago, baƙin tabo ya bayyana. Mene ne dalili, kuma yaya za a ɓare ta ba tare da an cutu ba?

Asalin matsalar dai ruwa ne. Bulo da filastar siminti cike suke da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, suna kuma jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan nan yana tafe da gishirin da ya narke a cikinsa. Idan ya iso fuskar bango ya bushe, sai gishirin ya daskare, ya yi ta tura abin da aka liƙa har ya rabu da bangon. Bugu da ƙari, yawancin takardun nan fuskarsu ta leda ce, saboda haka danshi ba ya samun mafita. A wannan duhu da laima ne fumfuna ke yaɗuwa, tana cin takardar da gam ɗin, wanda galibi da sitaci ko makamancinsa ake haɗa shi. Ƙurarta kuwa tana tayar da asma.

Ruwan da ya ɓata takardar, shi ne kuma zai cire ta. Da farko a tsattsaga fuskar ledar da wuƙa domin ruwa ya shiga. Sannan a shafa ruwan ɗumi mai ɗan sabulu da soso, a dakata kamar minti 15. Sabulu yana sa ruwa ya ratsa takarda da sauri, ɗumi kuma yana sassauta gam. Daga nan sai a ɗaga ta da ƙarfe mai faɗin baki, a wanke sauran gam ɗin tas, domin abincin fumfuna ne. A kashe wutar ɗakin kafin a jiƙa kewayen makunni.

Babban haɗari yana ƙarƙashin takardar, wato tsohon fenti. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai domin ya yi launi ya kuma bushe da wuri. Amurka ta hana hakan a fentin gidaje tun 1978. Jama'armu sun san illar dalma, domin a 2010 gubarta, wadda ta fito daga niƙan duwatsun zinariya, ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabciyarmu Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa dalma komai ƙanƙantarta tana cutarwa, musamman ga ƙwaƙwalwar yaro. Don haka kada a goge tsohon fenti da samfefa a bushe, kada kuma a ƙona shi. A jiƙa shi tukuna, a rufe hanci, a nisantar da yara da masu juna biyu, a kwashe ɓaraguzan da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Daga ƙarshe, a nemo inda ruwan ke fitowa, ko fasasshen bututu ne ko tsagar daɓe, a gyara. A bar bangon ya sha iskar hunturu ya bushe sarai kafin a sa masa tayil ko fenti mai jure ruwa. Maginan Hausa na dā sun gane wannan: da makubar ɗorawa da laso suke yaɓe bango, domin sun san kare shi daga ruwa shi ne farkon aiki, ado kuwa daga baya yake zuwa.