Nakano Broadway: Inda Ƙarancin Kaya Ke Yanka Farashi

Daga ƙofar arewa ta tashar jirgin ƙasa ta Nakano, a birnin Tokiyo, wani dogon layin shaguna mai rufi ke kai mutum bakin Nakano Broadway, ginin da aka buɗe a 1966. A benayensa ake cinikin mutum-mutumin jaruman finafinai da na zane-zanen Japan, masu gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, waɗanda manya ke saya su adana. Kamfanin Mandarake, da ya fara a nan a 1980 da tsofaffin littattafan manga, yanzu yana da shaguna fiye da ashirin a ginin, kowanne da irin hajarsa. Akwai kuma akwatunan gilashi na haya: mutum ya jera kayansa, ya liƙa farashi, mai shago ya sayar ya cire la'ada. Mai saye kan fara duba kwali kafin abin da ke ciki, domin kwalin da aka taɓa buɗewa, ko wanda ya lotsa a gefe, yakan karya daraja.

Yawancin kayan na hannu ne, kuma wanda ake rububinsa kan ninka kuɗin da aka saye shi yana sabo. Mutane na ɗora laifin a kan 'yan sari masu kwashe kaya ranar fitowarsa su kai shafukan cinikin intanet irin su Mercari ko eBay, kamar 'yan bumburutu lokacin wahalar mai. Suna da nasu laifin, amma a ganina tun daga masana'anta ake yanke ƙarancin. Kamfani irin Hot Toys na Hong Kong, mai mutum-mutumi na kusan santimita 30 da kan wuce dala 250, yana karɓar oda tun kafin ƙira, mai saye ya jira wani lokaci fiye da shekara. Wasu samfuran ma a wurin baje koli kaɗai ake sayar da su, ko a shafin kamfanin na ɗan lokaci. Da zarar an rufe, sai kasuwar hannu, kuma nan ɗan sari ke samun ƙofa.

Masu kare kamfanonin na da hujja mai ƙarfi. Zubin ƙarfen da ake ƙira da shi yana da tsada, fentin fuska da hannu ake yi, lasisin Marvel ko Star Wars yana da wa'adi, kaya kuma in ya yi kwantai asara ce. Duk gaskiya ne, sai dai tsada waɗannan suke bayyanawa, ba su bayyana dalilin hana mai kuɗi a hannu ba. Masana'antar kayan wasa ta Hasbro ta nuna akwai wata hanya a 2018, lokacin da ta ce za ta ƙera jirgin Jabba na Star Wars idan mutum 5,000 suka yi oda a kan kusan dala 500. An wuce adadin, aka ƙera daidai yawan masu so. Wasu masu tara kaya kuma na cewa sake fitar da tsohon samfuri yana zubar da darajar nasu. Ai kamfani bai yi musu alkawarin riba ba, kuma abin da tarihi ya mai da shi ƙalilan ba ya faɗuwa don an yi sabo: samfurin gwaji na Boba Fett na Star Wars mai harba roka, wanda masana'antar Kenner ta fasa fitarwa a 1979, an sayar da guda a gwanjo kan fiye da dala miliyan ɗaya a 2024.

Dokar da Japan ta fara aiki da ita a 2019 kan sari ta tsaya a tikitin wasanni da kiɗe-kiɗe, ba ta taɓa wannan haja ba. Gyara yana hannun kamfanonin: su buɗe oda ga kowa, su ƙera gwargwadon buƙata.