Mai Duban Rubutun Kwamfuta, Shi Ma Ana Duba Shi

Yaron da ya tashi daga Tsaskiya, ta ƙasar Safana, ya tafi Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, in ya zauna koyon rubuta manhaja da harshen Python, zai tarar da wata manhajar mai suna Pylint, wadda aikinta bin rubutunsa sadara-sadara tun kafin a gwada shi, kamar yadda alaramma ke bin allon almajiri yana nuna masa inda wasali ya kauce. Asalin wannan fanni tun 1978 ne, sa'ad da Stephen Johnson ya ƙago manhajar lint domin harshen C a Amurka.

To, amma mai tahkikin nan shi ma ba ma'asumi ba ne. Wani lokaci yakan tuhumi sahihin rubutu, wani lokaci lahani ya wuce ta gabansa bai ce uffan ba, har sai masana sun gyara ƙa'idojinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, Python ya halatta haruffa irin su ƙ da ɗ cikin sunaye tun 2008, amma in yaron ya rubuta "ƙidaya", Pylint zai gargaɗe shi, alhali bai saɓa nahawun harshen ba.