Wa Za A Danƙa Wa Saƙo Idan Hasumiya Ta Faɗi?

Idan girgizar ƙasa ta rushe hasumiyoyin sadarwa, na'urorin masu ceto kan riƙa miƙa wa juna saƙo, tamkar jerin tururuwa. A tsarin OLSR na shekarar 2003, kowace na'ura takan zaɓi maƙwabta kaɗan su isar mata da saƙo, tana duban makin shirin aiki, daga 0 zuwa 7, da kowace ta shelanta. Ga inda gizo ke saƙar: mayaudariya sai ta shelanta 7, dole a zaɓe ta, sannan ta haɗiye saƙon. Tun a 2000 masana a Jami'ar Stanford suka kawo dabarar kasa kunne, wato mai aikawa ya saurara ko maƙwabcin ya miƙa. Sai dai idan saƙonni suka yi karo a iska, akan zargi mai gaskiya.