TAZARAR HAIHUWA DA KUƊIN BAITULMALI: Gardamar da Muka Tarar a Gurbin Bore

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda, ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya, ba zai rasa sanin Gurbin Bore ba, domin yana cikin garuruwan ƙarshe na ƙasar Zamfara kafin a shiga ƙasar Katsina. Aikinmu na zagayen makarantu da duba malaman da muka horar shi ya kai mu can. Bayan sallar la'asar muka zauna a wani zaure don mu huta, sai muka tarar gardama ta kaure tsakanin mutanen da ke wurin, har mai masaukinmu ya manta da furar da ya aika a damo mana.

Asalin maganar kuwa shi ne, matar wani magidanci ta kai jaririnta ɗakin shan magani na wani ƙauye, malamar asibiti ta yi mata bayanin allurar hutun haihuwa, ta kuma ce mata kyauta ake yi, Gwamnati ta biya. Da labari ya iso ga mazan, sai wani dattijo ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan. In yaro ya kwana da zazzaɓi, takarda za a rubuta maka ka tafi kanti ka saya. To, don me wannan kaɗai ya zama kyauta?" Wani malamin zaure ya karɓe, ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma bai ga dalilin da za a ɗebi kuɗin Musulmi a sayi abin da zai rage al'ummar Annabi ba. Wani saurayi, malamin makarantar firamare, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai yayata haihuwarta ta tara ce ta tafi da ita, alhali na takwas bai fara tafiya ba." Daga nan zauren ya yi tsit.

Mun ga ya kamata mu kawo wannan magana gaban masu karatu, gama ana yin irinta a kowane gari na ƙasar Hausa, kuma sau da yawa akan cakuɗa tambayoyi biyu wuri guda. Ta fari, shin addini ya yarda da abin? Ta biyu, in ya yarda, wa ya kamata ya biya?

ABIN DA MALAMAI SUKA YANKE

Masu ƙin abin suna da hujjojinsu, kuma ba daidai ba ne a raina su. Suna kawo aya ta 31 a Suratul Isra'i, wadda ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, da hadisin da ya kwaɗaitar da auren mata masu haihuwa. Babu Musulmin da zai yi musun waɗannan. Amma fa littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun daɗe da yin magana a kan azalu, watau miji ya janye kafin ya zubar da maniyyi. Sahabi Jabir ya ruwaito cewa suna yin haka a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ba a hana su ba. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya sharɗanta cewa kada a yi wa mace 'ya sai da izninta. Imamu Gazali ma ya yi dogon bayani a kai cikin Ihya'u, ya halatta shi saboda dalilai irin su tsare lafiyar mace.

A zamanin nan kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba 1988, ta yanke hukunci uku. Na ɗaya, bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'yan da za su haifa ba. Na biyu, haramun ne a kashe wa namiji ko mace haihuwa ɗungum, sai in larura ta tilasta. Na uku, ya halatta miji da mata su jinkirta ciki na wani lokaci don ba da tazara, muddin sun yi shawara sun yarda, kuma hanyar ba ta da cutarwa, ba ta kuma taɓa cikin da ya riga ya shiga ba.

Ashe ke nan ƙayyade iyali daban, tazarar haihuwa daban. Tazara kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata sun san kwanika, watau mace ta ɗauki ciki tana goyo, kuma abin kunya ne da gori a wurinsu. Don gudun haka ne akan mai da mai jego gidan iyayenta ta yi wanka, wani lokaci ta daɗe ba ta koma ba, kuma ba a yaye yaro sai ya kusa shekara biyu, daidai da abin da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata game da shayarwa. Likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararsu ita ce mace ta sami aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. Abin da ya sauya shi ne hanya: da can nisantar ɗaki ce, yanzu ga ƙwaya, ga allura ta wata biyu ko uku, ga ashana da ake sa wa a damtse ta yi shekara uku zuwa biyar, kuma in an cire ta haihuwa ta dawo.

INDA ZARGI YA SAMO ASALI

To, in haka ne, me ya sa mutane suke ɗari-ɗari? Lalle Gwamnati da kanta ta taimaka wajen ɓata maganar. A 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, aka fito da manufar ƙasa kan yawan jama'a, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Ko da yake ba doka ba ce mai hukunci, jin an ambaci lamba ya isa ya sa malamai da talakawa su juya wa shirin baya, har wa yau kuwa ba a manta ba.

Sa'an nan a 1996 aka yi gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya gudu. Saboda haka da aka baza jita-jita a 2003 cewa an sa maganin hana haihuwa cikin ɗigon rigakafin shan inna, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Zargin bai tabbata ba, amma yara da yawa sun shanye a tsakanin, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Tsoron tilas ma yana da tushe a tarihin duniya. A Indiya, tsakanin 1975 da 1977, an kashe wa miliyoyin mutane haihuwa, da yawa ba da son ransu ba. Ƙasar Sin ta yi dokar ɗa ɗaya fiye da shekara talatin kafin ta soke ta a ƙarshen 2015. Kada kuma a zaci Musulmi kaɗai ke da ja a nan. Paparoma Paul na Shida ya haramta wa mabiya ɗarikar Katolika magungunan hana ɗaukar ciki a 1968. A Amurka kuwa, a 2014 Kotun Ƙoli ta yarda wa wasu masu kamfani su ƙi biyan kuɗin irin waɗannan magunguna ga ma'aikatansu saboda addininsu. Tambayar da malamin Gurbin Bore ya yi, ita ce aka kai gaban manyan alƙalan wata ƙasa.

HALIN DA MATA DA YARA KE CIKI

Yanzu bari mu duba ɗaya gefen. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 suke rasa ransu, kuma kowa ya san rabon Arewa ya fi yawa. Binciken ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwa fiye da sau shida a rayuwarta. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara kusan 100,000 a ƙasashen Shinkafi da Zurmi, ta tarar yaro ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Gaskiya ne ɓarayin daji da suka hana noma su ne babban dalilin wannan yunwa, amma duk ungozoma za ta gaya maka yaron da aka yaye da wuri saboda kwanika shi ke fara faɗuwa.

A ƙasar da hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, macen da naƙuda ta zo wa da gardama a ƙauye tana iya kwana ba ta isa asibitin Zurmi ko na Ƙaura ba. Wadda ta tsira da rai, wani lokaci sai a ƙare a asibitin Babbar Ruga na Katsina neman maganin yoyon fitsari. Mu da ke aikin makaranta muna ganin ƙarshen abin a rajista: yarinya tana aji huɗu, ga ƙoƙari, sai a wayi gari an cire ta don ta yi renon ƙannen da uwarsu ta bari.

WA ZAI BIYA?

Mai cewa kada a taɓa kuɗin jama'a ya tuna cewa ana taɓa su ko an so ko an ƙi. Jinin da ake ƙara wa mai jego, da aikin fiɗa, da gadon da yaro mai tamowa ke kwanciya a kai, duk daga baitulmali suke, kuma sun fi allura tsada nesa ba kusa ba. Rigakafi ya fi magani. Har wa yau, in Gwamnati ta janye hannunta, matar attajiri da matar ma'aikaci za su saya a kantin magani a Gusau, ba wanda zai ji. Matar talaka ta ƙauye kaɗai za a hana abin da malamai suka ce halal ne gare ta.

Game da mai cewa zuciyarsa ba ta yarda a yi da harajinsa ba, baitulmali ba a raba shi bisa son kowane mai biya. Wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba da kuɗinsa ake gina filin jirgi. Abin da yake haƙƙinsa shi ne kada a tilasta masa, kada a yaudari iyalinsa, kuma a saurari ra'ayinsa.

Ga kuma wani abu da mutanen zauren ba su sani ba. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce a riƙa ba da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, amma kaso mai yawa na kuɗin sayensu daga ƙasashen waje da Majalisar Ɗinkin Duniya yake fitowa. A 2025 Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a shekarar kuma kasafin Tarayya na wannan aiki ya faɗo daga kimanin Naira biliyan 2 zuwa abin da bai kai Naira miliyan 70 ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Mu a ganinmu, mai zargin nufin baƙi shi ya fi kowa cancantar ya nemi a yi abin da kuɗinmu, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In mu muka biya, mu ne za mu faɗi irin maganin da za a sayo, mu auna shi, mu kuma shimfiɗa sharuɗɗan ba da shi bisa addininmu.

SHAWARARMU

Muna roƙon Gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda su ware kuɗin wannan aiki cikin kasafinsu a fili, inda kowa zai gani. Amma a kiyaye abu huɗu. Kada a ambaci lamba ga kowa, kada a tilasta wa kowa. A gaya wa mace gaskiyar abin da maganin kan jawo, kamar rikicewar al'ada, don kada ta ji a bakin maƙwabta. A jawo maza cikin maganar, kamar yadda maƙwabtanmu na Nijar suka yi da makarantar mazaje da suka fara a ƙasar Damagaram, inda magidanta kan zauna su tattauna lafiyar matansu, a kuma sa limamai da hakimai da dagatai a gaba. Na huɗu shi ne amsar tambayar dattijon nan: ɗakin shan maganin da ke ba da allurar tazara kyauta, lalle ne a sami maganin zazzaɓi da ungozoma a cikinsa. In ba haka ba, talaka yana da dalilin yin zargi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, ya kamata a cika.

Da muka tashi sallar magariba, malamin nan bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, mu ma ba mu nemi haka ba. Abin da ya ce shi ne zai koma ya duba babin azalu a littattafansa, in kuma malamar asibiti ta yarda, ta zo ta yi wa magidanta bayani a gabansa. Muna fata sauran garuruwa za su yi koyi da wannan. Allah ya ba matanmu sauƙin haihuwa, ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.