Kayan Wasan Sallah a Sifawa: Haraji Ya Iso, Bincike Bai Iso Ba

Idan Sallah ta rage kwana biyu, 'yan koli kan shimfiɗa buhuna a bakin titin da ya bi ta Sifawa, su baza tabarau na roba, usur, balan-balan, bindigogin ruwa da 'yan tsana masu gashin nailan. Da wuya ka samu ɗaya da aka ƙera a jihar Sakkwato. Akasarinsu daga ƙasar Sin suke, daga masana'antun Chenghai a birnin Shantou da babbar kasuwar sari ta Yiwu. Sukan sauka a Legas, su hau tirela zuwa Kano, daga nan dillalan babbar kasuwar Sakkwato su saro, kafin mai ƙaramin jari ya ɗauko kwali ɗaya ya nufi Boɗinga ko Shagari. Kowane zango da nasa kuɗin, kuma yaron da ya zo da kuɗin barka da Sallah a tafin hannu shi ke biyan duka.

Tun 2015 Najeriya ke aiki da tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda a cikinsa kayan da aka gama ƙerawa don amfanin yau da kullum ke biyan kashi 20 cikin 100. Ga harajin sayen kaya da aka ɗaga zuwa kashi 7.5 a 2020. Sai dai abin da ya fi karya ƙashin bayan wannan sana'a shi ne canji. Kwastan da farashin dala take lissafin kuɗin fito. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar lissafinta ta tashi daga wajen naira 420 zuwa sama da 1,400 a Fabrairun 2024. Ba a taɓa dokar harajin ba, amma abin da mai kwantena ke biya ya ninka fiye da sau uku. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ɗora nasa a kan kuɗin mota.

Hanyar arewa ma ba ta zauna lafiya ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta har zuwa Maris na 2024, sannan rikicin Nijar da Benin ya toshe tsohuwar hanyar kayan Kwatano zuwa Birnin Ƙonni. Wannan yanki ya san labarin tun da daɗewa: a Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ta tsaurara dokar shigo da kaya bayan faɗuwar farashin mai, kuma 'yan fasa-ƙwauri na cikin waɗanda suka ci moriyar matakin.

A birni, idan kaya ya yi tsada sai a ƙara masa kuɗi. A ƙauye abin ba haka yake tafiya ba. Kuɗin da ake ba yaro ranar Sallah bai ƙaru kamar yadda dala ta ƙaru ba, uban da ke fama da kuɗin taki da gero kuwa ba zai ƙara ba. Ɗan koli ya san iyakar aljihun masu sayensa, don haka in ya je sari abin da yake cewa shi ne, "Alhaji, a ba ni mai sauƙi." Dillalin Sakkwato ya faɗa wa na Kano haka, na Kano ya isar wa mai odar kaya. A ƙarshe farashi bai motsa sosai ba, inganci ne ya sauka. Ɗauki motar roba ɗaya ka duba: jikinta sirara ne har haske na ratsa shi, tayar kan fita da ja ɗaya, jan fentin kan bi yatsa in hannu ya yi gumi, marfin batir kuma babu kusa, ɗan shekara biyu zai iya ɓalle shi ya haɗiye batirin.

Dokar hana irin wannan tana nan. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta kafa shirin SONCAP a 2005, wanda ya wajabta a gwada kaya a ƙasar da aka ƙera su, a ba da takardar shaida kafin su shigo, kuma kayan wasan yara na cikin jerin. Amma takardar a tashar jirgin ruwa take aiki. Kayan da aka cusa cikin kwantenar tarkace da wani suna, ko aka tsallako da su ta daji, ba su taɓa ganin ta ba. Mai bin doka ya biya kuɗin gwaji da na fito, mai kauce mata ya fi shi araha, kasuwar ƙauye kuwa ta mai araha ce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalma. A 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa da aka ƙera a Sin saboda dalma a fentinsu, a 2008 kuma Amurka ta yi doka mai tsauri kan haka. Masana'antun da suka iya cika sharuɗɗan suka ci gaba da sayar wa Amurka da Turai. Wasu daga cikin waɗanda suka kasa sun juya ne ga kasuwannin da ba a dubawa. Mu kuwa ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabciyarmu. Waccan daga haƙar zinariya ta fito, ba daga kayan wasa ba, amma ta nuna mana abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, wanda duk abin da ya riƙa sai ya kai baki.

Da tsadar nan ta haifar da masana'antar gida, da an ce an rage asara. Ba ta haifar ba. Kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai a Kano sun fi karkata ga buta, bokiti da kujera, domin ƙirar kowane abin wasa sai da nata mazubin ƙarfe mai tsada, ga matsalar wuta, ga ciniki na lokacin Sallah kawai. Yaran Sifawa har yanzu suna haɗa motar kara da ta gwangwani, 'yan mata na gina tukwanen laka, amma babu wanda ya mai da wannan basira sana'ar da za ta ciyar da gida.

Ba a bakin titin Sifawa ya kamata a fara kame ba, domin ɗan koli bai da hanyar sanin abin da ke cikin fenti. Kayan duka ta hannun manyan dillalai ƙalilan suke bi a Kano da Sakkwato. Jami'an SON na iya shiga rumbunansu wata guda kafin kowace Sallah, su ɗebi samfuri su gwada, su sanar da sakamakon da Hausa a Rediyon Rima, inda uwa a Boɗinga za ta ji wane kaya ne aka samu da guba.